Gorar Ruwan da Na Miƙa da Ladabi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da yake ƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini (2013 ce, ina jin, ko 2014).

Na gama jami'a a Alƙahira ina jiran takarduna, muna haya a unguwar Faisal tare da Yaya Idi, mutumin Maraɗi, wanda tseren keke ne sana'arsa. Ƙungiyarsa ta gaya masa in bai shiga goman farko a tseren ranar ba, khalas, shi ke nan, ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Mai miƙa masa ruwa kuma ya kwanta rashin lafiya, sai ya roƙe ni.

"Ƙanena, ba wuya. Ka tsaya a bakin titi, ka ɗaga gorar sama da hannu ɗaya. Ba zan tsaya ba, fizgewa zan yi."

Na rubuta a takarda. Na yi ta gwaji a ɗaki har kafaɗata ta gaji.

Can bayan gari aka ajiye mu, rana kamar ta fasa kai. Da na hango kekuna sun taho, Yaya Idi a sahun gaba, sai takardar ta ɓace mini a ka, jikina ya koma kan abin da aka koya masa a gida: ba a miƙa wa na gaba abu a tsaye ƙiƙam da hannu ɗaya. Na rusuna, na tallabo gorar da hannu biyu daidai gwiwa, har da sunkuyar da kai. (An ce na ce "Bismillah, Yaya." Ban tuna ba, amma ba zan musa ba.)

"Sama! Sama!" ya yi ihu. Hannunsa ya cafki iska, ya wuce.

Makaniken ƙungiyar, wani dattijo Bamisire, ya dafa ni yana cewa "Ma'alish," wato in yi haƙuri, yana share hawayen dariya.

Sauran tafiyar Yaya Idi ya yi ta ba ruwa. Bai shiga goman ba, ba a sabunta ba. Da ya sauko, leɓɓansa fari fat, ya dube ni ya ce, "Allah Ya yi wa iyayenka albarka, ƙanena. Tarbiyya kam an yi." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan, in zan girmama mutum, sai na fara duba gudun da yake yi. Waɗanda suka halarta, don Allah ku aiko da gyara, musamman in akwai wanda ya ga cewa rusunawar ba ta kai yadda nake tunawa ba.