Kowa Ya Kawo Tayarsa

Ranar Talatar makon jiya na tura mota. Na faɗa muku da bakina ne saboda akwai waɗanda suka gan ni, kuma na san ba za su yi shiru ba. Hijabi a ɗaure a ƙugu, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan kuma har yau yana cikin taɓon kwarin da ke bayan ƙauyenmu. Allah ya amfanar da wanda zai tono shi da rani.

Awo za mu kai Kaltume, matar yayana Kamilu, cikinta wata takwas, shi Kamilun ne ke tuƙi. Daga gidanmu zuwa bakin kwalta ba wata tafiya ba ce idan rani ne. Amma da zarar ruwa ya sauka, babu abin da ke tsallake kwarin nan sai motar gidanmu, tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, wadda Baba ya saya a gwanjo tun ina firamare. Duk matar da naƙuda ta kama a unguwarmu, ita ake kira. To ran nan an yi ruwa mai ƙarfi da asuba. Muka shiga kwarin da bisimilla, motar ta yi wani gurnani daga ƙarƙashinta, ta juya baya gabas, ta zauna.

Na sauka na leƙa. Tayar gaba ta dama tana ta haƙa rami. Ta hagu tana juyi a wuri ɗaya tana watsa mana taɓo. Na baya biyun kuwa, ɗaya ta nufi gona, ɗaya ta nufi gida. Ban taɓa ganin abin da ya yi kama da kwamiti irin wannan ba.

Kaltume ta fito da ƙyar ta zauna a gindin ɗorawa. Sai ga maƙwabciyarmu Inna Hure ta taho daga gona da fartanya a kafaɗa. Ta tsaya ta ƙare mana kallo.

"Sannunku da hutawa. Kamilu, wankin mota ake yi?"

"Inna, maƙalewa muka yi."

"Af! Ni na ɗauka mai ƙafa huɗu ba ta maƙalewa. Jakin Malam ma huɗu gare shi, ga shi can ya haye yana cin ciyawa." Ta juyo kaina. "Ke kuma Huseina, a jami'ar ba a koya muku turi ba ne? Sa kafaɗa mana, kin tsaya kina shafa ta kamar amarya."

Sai bayan azahar aka kawo shanun huɗa suka ja mu waje. Awo dai ya wuce mu.

Kafin in ci gaba, bari in sauke nauyin godiya, kada a ce tarbiyya ta yi mini ƙaranci. Ina miƙa gaisuwa ga Mai Girma Garkuwan Ramuka, Uban Alkawura, wanda ya aza harsashin wannan hanya tamu har sau uku. Karon farko ya zo da rumfuna da makaɗa. Karo na biyu dutsen farkon aka sake wa fenti, don mutum ne mai tattali. Karo na uku motocin tifa suka zo suka jibge marmara tuli-tuli a gefen hanya suka tafi. Yanzu tulin ya yi ciyawa, awakinmu suna hawa suna hango Kano. Wasu na cewa bai yi komai ba. Ni ban yarda ba. Mutum ne mai girmama tarihi, shi ya sa bai bari an taɓa hanyar da kakanninmu suka bi ba.

Amma tsakani da Allah, abin da ya same mu ran Talata ba nasa ba ne shi kaɗai. Da hannunmu a ciki.

Gidanmu har yanzu gandu ake yi. Yayyena huɗu gona ɗaya suke nomawa ƙarƙashin Baba, kuma duk abin da ya taso na gida kashi huɗu ake raba shi. In rufin ɗaki ne, kowa ya kawo kwanonsa. In layya ce, kowa ya san abin da ke kansa. Da kaka ta wuce, tayoyin motar suka yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, sai Baba ya tara su a zaure ya yanke hukunci yadda ya saba.

"Ku huɗu ne, ƙafarta huɗu. Kowa ya kawo ɗaya."

Babu wanda ya ga aibu a wannan magana. A shekarun nan da buhun taki ya zama abin da ake kai wa ziyara a kasuwa a gaishe shi a dawo, wa zai ɗauki taya huɗu shi kaɗai? Kowa ya shiga birni ranar da ya samu sarari, ya zaɓo taya daidai da halinsa. Yaya Abdulƙadir, babbanmu, ya kawo mai kauri wadda aka ce masa ba ta mutuwa. Yaya Muntaka, mai son kwarjini, ya kawo doguwa. Yaya Kamilu ya kawo sabuwa fil mai sheƙi. Yaya Ja'afaru kuma ya kawo 'yar gwanjo mai zurfin zane, har da hoton tauraruwa a gefenta, yana nuna wa duk wanda ya zo wucewa. Da rani motar ta riƙa 'yan koke-koke, muka ce tsufa ne.

Da la'asar ɗin ranar da muka maƙale, na tarar da Kaltume tana ninke zannuwa cikin jaka.

"Ina zuwa?" in ji Yaya Kamilu.

"Tofa. Gidanmu a bakin kwalta yake. Zan aika a zo a ɗauke ni ran Juma'a."

"Haba Kaltume, haihuwa ta uku? Wa ya taɓa zuwa goyon ciki a haihuwa ta uku?"

"Wa ya taɓa haihuwa a gindin ɗorawa da shanu a kansa?"

Ga wanda bai san ƙauye ba, abin ba ƙarami ba ne. Haihuwar fari ce ake tafiya gida. Idan mace ta tattara ta koma wajen iyayenta a ta uku, can za a yi wanka, can za a yi suna, kuma daga nan har Tofa za a riƙa cewa gidan Malam Muhammadu Sani mai mota, wato gidanmu, sun kasa kai matarsu asibiti. Ita kuma Kaltume ba fushi take yi ba. Haihuwarta ta biyu ta zo da wahala, an ce mata kada ta kuskura ta sake yi a gida. Kowa ya san tana da gaskiya. A daren nan Baba bai gama tuwonsa ba.

Washegari aka kira Mala mai faci, Babarbaren da tun kakansa suke zaune a nan, mai rumfa a bakin kwalta. Ya zagaya motar sau biyu, ya tsuguna, ya miƙe, ya cire hula ya mayar.

"Baba, in tambaye ka. Ka taɓa ɗaura dogon sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya?"

"Sai dai in kunya nake so ta karkace."

"To abin da kuka yi ke nan, har sau biyu. Irin wannan motar ƙafafunta a haɗe suke, tare suke ja. In ɗaya ta fi ɗaya tsawo, gidan giyar motar ne yake shan wahalar sulhu tsakaninsu. Gurnanin da kuka ji, shi ne yake neman agaji. Dole huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, sa'o'in juna."

Nan fa zaure ya kaure. Kowa ya yarda a daidaita, amma da tasa za a daidaita. Yaya Abdulƙadir ya ce shi ne babba. Yaya Muntaka ya ce a dubi wadda ta fi tsawo. Yaya Ja'afaru ya ce a nuna masa wata mai tauraruwa in akwai.

Ni kuwa tun da safe na fake da shara na karanta rubutun da ke gefen kowace taya, na duba ma'anarsa a waya. Sai dai a gidanmu maganar ƙanwa ba ta shiga zaure da ƙafarta. Na je na raɗa wa Kaltume. Ita kuma Kaltume ba ta magana da Baba, surukinta ne. Saboda haka ta zo ta zauna a bayan ƙofar zaure, ta dube ni, ta fara tambayata abin da na gama gaya mata, da muryar da ake kiran kaji daga nesa.

"Ke Huseina! Wai da gaske ne tayar Yaya Babba an yi ta tun kafin a kawo ni gidan nan da shekara uku?"

Mala ya tsuguna ya goge gefen tayar da yatsa.

"Ga shekarar nan a rubuce. Malam Abdulƙadir, wannan ba ta mutuwa saboda ta riga ta mutu. Dubi tsagar da ke jikinta."

"Ke Huseina! Ita kuma tauraruwar Yaya Ja'afaru, wai hoton dusar ƙanƙara ne?"

"Mai shagon ya ce lamba ɗaya ce!" in ji Yaya Ja'afaru.

"Lamba ɗaya ce a ƙasar da ruwa ke daskarewa a randa," in ji Mala. "A nan bazara biyu za ta yi ta zama alewa."

Yaya Muntaka bai jira an zo kansa ba, ya ce shi dama doguwar ba ta kwanta masa ba. Saura ɗaya. Ta mijin Kaltume ce, amma duk da haka ta ɗaga murya.

"Ke Huseina, ta yayanki fa?"

Mala ya shafa ta, ya yi murmushi. "Wannan taya ce mai kyau. Sabuwa ce, ba ta da aibu ko ɗaya. Tayar kwalta ce zalla. Malam Kamilu, a wace kwaltar za ka hau ta?"

"Ai an ce kafin damina za a zuba mana," in ji Yaya Kamilu a hankali.

Babu wanda ya yi dariya da farko. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Kamilu, duk garin nan kai kaɗai ka yarda. Allah ya ba ka ladan kyakkyawan zato."

Sai a lokacin aka fashe, har da Kaltume a bayan ƙofa.

Baba ya ce a buɗe rumbun gyaɗa, wanda aka ajiye don ranar da babu makawa. Ya ce wannan karon mutum ɗaya ne zai je, kuma Mala ne, sauran rakiya za su yi da bakinsu a rufe. Wani ɗan'uwan Mala a birni ya karɓi doguwar da mai sheƙin aka yi musaya. Yaya Kamilu ya ba ni labari cewa mai shagon ya rantse yana da taya mai shiga kowane yanayi, ta rani ta damina. Mala ya tambaye shi, "Yanayin wa?"

Tambayar ta yi mini daɗi. Masu ƙera taya yanayi huɗu suka sani, nasu. Mu namu biyar ne. Akwai damina da taɓonta. Akwai kaka, lokacin da kututturen kara ke jiran taya a bakin kowace gona. Akwai rani da rairayinsa, akwai bazara da ke dafa roba. Na biyar shi ne lokacin neman ƙuri'a, sa'ad da ake haƙa lambatu a gefen hanya a manta da shi, a zuba tsakuwa mai kaifi a tsakiya, sannan ayarin motoci masu jiniya ya ture ka cikin lambatun. Wannan yanayin babu kamfanin da ya gwada tayarsa a cikinsa. Abin da Mala ya zaɓo shi ne mai matsakaicin zane, mai ƙarfin gefe, wadda ba gwana ba ce a ko'ina amma ba ta jin kunya a ko'ina. Huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara ɗaya.

Juma'a ta zo, Kaltume ta ɗage tafiyarta sai ta ga yadda sababbin tayoyin za su yi. Shekaranjiya Talata aka sake ruwa. Muka shiga kwarin, Yaya Kamilu yana salati a bayyane, Kaltume ta riƙe hannuna har ya yi ja. Motar ta ɗan yi rawa, ta kama ƙasa, ta haye. Inna Hure tana kan tulin marmara tana tsinkar rama, ta ɗaga mana hannu.

"Yau ba za a yi wankin ba?"

An yi awo lafiya, an ce saura mako uku. Da muka dawo, Kaltume ta zazzage jakarta ta mayar da zannuwan cikin akwati, ta bar 'yar ƙarama ta asibiti a bakin gado. An aika Tofa cewa su shirya zuwa suna nan gidan.

Saboda haka ina da roƙo ɗaya wajen Mai Girma, in wani ya karanta masa wannan shafi. Ranka ya daɗe, don Allah kada a yi gaggawar zuba kwaltar nan. Gyaɗarmu ta shekara guda tana ƙarƙashin motar, a bar mu mu mori tayoyinmu ko da damina biyar ce. Hankalina a kwance yake, don ina jin wannan ce buƙata ta farko da za a biya mana ba tare da an kafa kwamiti ba.