Maƙoƙon Gwaggo Asiya a Hannun Jibo

"Fanka ka ja musu, Jibo, ba allura ka yi ba."

"Gwaggo, iskar da ta bugi kan likitan Nasara, kaina take dawowa. Duk faɗin Arewa babu ciwon da ya gan ni bai durƙusa ba."

Kun ji Jibo ke nan, sarkin cika baki. Damina guda ya yi yana jan igiyar fanka a asibitin Dogon Dutsi, ya dawo Matankari da tsohuwar hular kwano, yana magana ta hanci. Ita kuwa gwaggonsa Asiya maƙoƙo gare ta kamar ƙwaryar fura, ga haƙora suna ta zuba. Saura guda a gaba, shi ma yana rawa, kuma da shi take ɓantarar goro. Don shi ta yarda Jibo ya yi mata magani.

Jibo ya leƙa bakin, ya latsa wuyan, ya girgiza kai.

"Likita ya ce maƙoƙo shi ka cin saiwar haƙori ta ƙasa, kamar gara. Sai mu toshe hanya."

Ya naɗe mata wuya da rawani, tamau. Fura ta ƙi wucewa, ido ya firfito, aka kwance.

"To yunwa yake ji. Mu ƙosar da shi."

Ya lafta wa maƙoƙon man shanu da zuma. Tururuwan unguwar kaf suka zo gaisuwa.

"To mu ba shi wasu haƙoran ya yi ta ci."

Ya rataya mata muƙamuƙin akuya ɗanye. Karnuka suka raka ta har rijiya, suka rako ta gida.

Gogan bai karaya ba. Ya tara mutane, ya ɗaga goriba busasshiya.

"Haƙori soja ne, horo yake so. Duba nan, Gwaggo, haka za ki yi kullum."

Ya buɗe baki ya gartsa. Ƙaras. Goriba ko tsagewa ba ta yi ba, haƙorin likita Jibo kuwa yana tsaye a jikinta.

Gwaggo ta taɓa nata da harshe, yana nan. Ta dubi wuyan Jibo, siriri kamar na zalɓe.

"Ɗan nan, kai ina naka maƙoƙon?"

Jibo ya tofar da jini, ya gyara hula, iska na fita ta giɓin.

"Nawa ta ciki ya tsiro, Gwaggo. Irin na Turawa ne."