Sarkin Kunne da Ƙahon Mai Awara

Duk baiwar da aka rabo wa unguwarmu ta Amagasaki, a kunnen mutum ɗaya ta sauka: Malam Tatsu Kuroiwa, Sarkin Kunne, uban masu mimikopi, wato ɗaukar kiɗa da ji kawai. Mu sauran, namu kunnuwan na rataya tabarau ne.

Ko ƙofa ce ta yi ƙara, sai ya ɗaga yatsa: "Ƙofar nan ta yi kuskure." Ka miƙa masa takardar kiɗa, ya kama ta da yatsa biyu kamar tsumman goge-goge. "Takarda sandar makaho ce. Ni sau ɗaya nake ji, waƙa ta zama tawa."

Da zauren unguwa ya nemi malamin jita, kwamiti ya ce duk mai so ya kaɗa tsohuwar waƙar garinmu ranar bikin kaka. Tun kafin ranar gogan ya buga katin suna, "Babban Malami", yana rabawa da hannu biyu har gidan wanka. Baiwar Allah Shiori, abokiyar takararsa, ta ba shi aron takardar waƙar. Ya yi dariya, ya je ya tono wani tsohon kaset na waƙar a ɗakin uwarsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar biki ya hau dandamali, ya fara da lacca.

"Jama'a, a tsakiyar waƙar nan akwai sauti biyu da 'yan takarda ba su taɓa ji ba. Nan ne zuciyar mawaƙin ta karye. Ni kaɗai na jiyo."

Ya kaɗa, kuma gaskiya ba laifi. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak, ya lumshe ido, ya ja sauti biyu masu tsawo, fiii... fuuu..., har da hawaye.

Tsofaffi suka fara waige-waigen ƙofa. Uwarsa Fumie na sahun gaba, ita kuwa kunne ya yi nauyi, raɗarta ma ihu ce.

"Kai Tatsu! Ai ƙahon da mai tallan awara ke busawa ne wannan! Ina ɗaukar waƙar a kaset ɗin daga rediyo ya wuce ta gindin taga. Har na ce ubanka ya bi shi da kwano!"

Wayyo, dariya! Shugaban kwamiti ya cusa fuska a hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ni kam har na ɗan tausaya wa gogan, na minti ɗaya.

Shiori ta samu aikin. Amma kada a ce unguwa ba ta san darajar gwani ba. Har yau, Sarkin Kunne na ratso layi, sai tsofaffi su leƙo da kwanoninsu: "Malam, awarar yau mai laushi ce?"