Kwalin Mama da Katangar Aladu

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma Lahadin da na fara zuwa gidan su Rahila a Fadan Kagoma ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so. Kuma na so ɗin.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kafanchan, Rahila kuma nas ce a cikin gari. Mun daɗe muna tare, sai ta ce lokaci ya yi da iyayenta za su ga fuskata kafin manya su shiga maganar. Muna kan mashin tana ta ja mini kunne.

"Baba ba shi da matsala," in ji ta. "Zai tambaye ka cocinku da ƙauyenku, shi ke nan. Mama ce abin ji. Ta koyar da labarin ƙasa har ta yi ritaya, kuma ba ta son mutum mai yawan surutu."

Na ce ta kwantar da hankalinta. (Ni da ko shugaban makaranta yana sauya hanya idan ya hango ni da labari a baki.)

Kafin mu shiga gidan, bari in gaya muku wani abu game da ni. Akwai wani wasan kwamfuta da nake so kamar raina. Wasa ne na dabara da haƙuri: a ba ka ƙasa fili, ka shimfiɗa layin dogo, ka haɗa ƙauye da gari, ka san inda za ka ɗauko hatsi da inda za ka kai shi. In ka yi lissafi daidai garuruwa su girma, in ka yi ganganci su bushe a kan idonka. Masu yin sa kaɗan ne a duniya, a Kafanchan kuwa ban taɓa haɗuwa da ko mutum ɗaya ba. Babu shagon da ke sayar da shi. Ta intanet na saya, na sauke a laftop ɗina, kuma ina ji da kaina sosai a kan haka. Laftop ɗin ba ta barin jakata, har ranar zuwa gidan surukai.

Mun isa bayan an tashi daga coci. Na durƙusa na gaida Baba, dattijo gajere mai fara'a, manomin citta. Na gaida Mama. Doguwa ce, siririya, da tabarau a kan hanci, irin matan da ko sun yi shiru kana jin kamar ana duba takardar jarrabawarka. Aka kawo tuwon acca, na ci da ladabi, na amsa tambayoyin Baba. Komai yana tafiya lafiya.

Sai idona ya faɗa kan wata kantar ajiye kaya da ke falon. A can sama, kusa da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, ga wani babban kwali da hoton jirgin ƙasa a jikinsa. Wasana ne. Tsohon fitowarsa ne, wanda aka yi tun ina firamare, wanda a hoto kawai na taɓa gani.

Mai hankali zai tambaya na wa ne. Ni kuwa na yanke hukunci a zuciyata cewa na yayan Rahila ne da ke Sabon Tasha, ya bari a gida yana cin ƙura. Na yi dariya na ce, "Kai! Har yanzu akwai masu ajiye irin wannan? Mama, ai wannan ya zama tarkace. Ku ba yara su yi mota da kwalin."

Rahila ta yi tari. Na ɗauka tuwo ne ya shaƙe ta.

Mama ta ɗago tabarau ta ce, "To, yanzu yaya ake yi?"

Na ji daɗin tambayar. Na gyara zama na buɗe aji. Na ce duniya ta wuce zamanin kwali da faifai. Na ce yanzu danna abu kawai za ka yi wasa ya sauko maka, babu jiran ɗan'uwa ya dawo daga Turai, babu faifan da zai karce, babu ɓera da zai ci littafi. Na ce in masu wasan suka gyara wani abu, gyaran zai same ka har ɗaki. Na ƙara da cewa a duk kudancin Kaduna da wuya a sami wanda ya kai ni iya wannan wasa. (Wannan na ƙarshen, ko ni ban san daga ina ya fito ba.) Rahila ta taka mini ƙafa, na janye ƙafar na ci gaba.

"Nuna mini," in ji Mama.

Na ciro laftop da yanga, na danna. Wasan ya ƙi buɗewa. Wani ɗan saƙo ya fito cewa ya daɗe bai haɗu da intanet ba, sai ya tabbatar ni ne mai shi. Na duba wayata, babu sabis ko layi ɗaya.

"Ba ka ce ka saya ba?" Mama ta tambaya.

"Na saya, Mama."

"To wa kuma yake neman izini a wurinsa?"

Baba, bawan Allah, ya so ya cece ni. Ya ce, "Sabis yana bayan gida, wajen aladu. In ka hau katanga yana kamawa."

Rahila ta ce a bari mana, ba dole ba ne. Na ce ai minti kaɗan ne. Na fita cikin farar shaddata da na karɓo daga tela musamman don ranar. Na hau katangar ɗakin aladu, waya a hannun dama na ɗaga sama, laftop a buɗe a hannun hagu. Sabis ya leƙo, ya ɓace. Na matsa gaba. Ya sake leƙowa. Na ɗaga dugadugi, na ƙara miƙa hannu, sai bulon da nake kai ya ce shi ma ya gaji.

Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina zaune a cikin caɓin aladu, ƙafa ɗaya cikin kwamin dusa. Laftop ɗin kuwa na riƙe ta sama da kai kamar mai kawo baikon coci gaban bagade. Wata uwar alade ta zo tana sunsunar aljihuna.

A daidai nan matan zumunta na cocinsu suka shigo ta ƙofar baya, cikin zanensu iri ɗaya. Wai sun zo gaida Mama. (Kowa ya san wanda suka zo gani.) Suka tsaya cik. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Wannan ne mijin Rahila ɗin?" Wata ta ce, "Sannu, ɗana. Kwamfutan bai ji ciwo ba dai?"

Da ƙasa za ta buɗe da na gode mata. Rahila ta kawo bokitin ruwa tana cije leɓe, hawayen dariya na zuba. Aka ba ni wandon Baba, ya tsaya mini a ƙwauri. Ina tsaye a tsakar gida ina tunanin ta inda zan sulale in hau mashin, sai na ji muryar Mama.

"Zo nan. Ɗauko kwalin nan ka biyo ni."

Na ɗauko. Yana da nauyi fiye da yadda na zata, kuma babu ƙura ko kaɗan a jikinsa. Tun a nan na fara zargin na yi kuskure.

Ta kai ni wani ƙaramin ɗaki. A kan tebur akwai tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai, an rufe ta da zane, an haɗa ta da batirin sola. Ta buɗe kwalin a hankali. Ga faifai a cikin gidansa, ga littafi mai kauri kamar na makaranta, ga taswira da ta warware ta kusa cinye teburin.

"Nawa ne," ta ce. "Wani ɗalibina ya kawo mini daga waje lokacin da na bar aiki. Ya san babana ma'aikacin reluwe ne, a bakin tasha na girma."

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta sa faifan, kwamfutar ta yi gurnani, wasan ya buɗe ba tare da ya tambayi kowa komai ba.

Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wasa ɗaya take yi tun daga ranar da ta fara, ba ta taɓa sake sabo ba. Jiragen ƙasa ba su ƙirguwa, suna shiga suna fita, wannan ya tsaya wancan ya wuce, babu wanda ke jiran wani fiye da kima. Layukan sun bazu kamar jijiyoyin ganye. Garuruwan da a nawa wasan ba sa wuce bukkoki, a nata sun zama birane masu gadoji. Ta sauya musu suna duka: ga Kafanchan a tsakiya, ga Kagoro, ga Kwoi, ga Zonkwa. Ta ja layi daga Kagarko har gida, layin da babu shi a duniya sai a wannan ɗaki.

"Wasan ba shi da citta," ta ce. "Sai na mai da ganyen shayi citta. Wannan jirgin kayan Baba yake ɗauka."

Na manta da wandon da ke jikina. Na manta da warin da har yanzu nake ji a hancina. Na jawo kujera ban nemi izini ba. Akwai wani dutse a taswirar da na yi shekaru ina fama da shi, duk sanda na yi ƙoƙarin huda shi sai kamfanina ya karye. A nata, jirage suna wucewa bayansa kamar babu shi.

"Mama, yaya kika yi da dutsen nan?"

"Ban taɓa shi ba. Kogi na bi, na zagaya. Ba ka karanta littafin ba?"

Nawa ma yana da littafi, a wani lungu cikin laftop. Ban taɓa buɗe shi ba.

Ta yi ta nuna mini, muryarta ta sauya, ta zama ta malama a gaban aji. Yatsunta a kan linzamin kwamfutar ba gaggawa. Matan zumunta suka leƙo ta taga, ɗaya ta ce, "Mama ya shiga jirginsa, sai a bar shi," suka koma falo. Ashe duk garin an sani, ni kaɗai ne baƙo.

Can sai ta ciro faifan ta ɗaga shi wajen haske. Ya karce a wurare da dama.

"Abin da ka faɗa ba duka ne shirme ba," ta ce. "Wannan nawa ne, ba ya tambayar kowa. Amma ranar da ya ƙi tashi, babu kasuwar da zan sami wani. Ina tunanin ranar nan." Ta mayar da faifan gidansa. "Ka ce akwai sabo?"

"Akwai, Mama. Har da damina da rani a ciki."

Idonta ya yi haske kamar na yarinya. Sai ta rufe littafin ta miƙo mini.

"Ka je ka karanta. Ba na ba da aron shi, kai ne na farko. In za ka dawo da shi, ka zo da manyanka."

Sai da muka kusa Kafanchan na gane abin da ta ce. Na tsayar da mashin a gefen hanya na tambayi Rahila ko na ji daidai. Ta ce in tuƙa kawai, mutane suna kallon wandona.

Mun yi aure. Na saya wa Mama sabon wasan, na sauke mata shi a cikin gari inda sabis ke da ƙarfi, kafin damina ta wuce ta riga ta fi ni. Abin da na koya kuwa shi ne, in ka ga kaya a kan kantar surukai, ka fara tambayar mai shi kafin ka raina shi. In kuma kwamfuta ta ce sai da sabis, ka rufe ta, ka nemi ƙarin tuwo.