Ranar da Na Kai 'Yan Tarminal Najeriya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka sauya mana tsarin koyar da labarin ƙasa ba. Na daɗe ina koyarwa a wani lise, wato babbar sakandare, a Magariya da ke kusa da iyakar Najeriya, har kogunan Turai ina iya zanawa a allo ido rufe. Sai ga umarni: 'yan tarminal, wato ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar bak su riƙa fita daji suna zana taswirar yankinsu da hannunsu. Malamai suka yi ta gunaguni. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce ajina ne zai fara, har na gayyato sufeton lakwal, mai duba makarantu, ya ga yadda ake yi (wa ya aike ni?).

Mota ta sauke mu a wani ƙauye kudu da Dantchiao, lokacin gero ya fi mutum tsawo. Na wuce gaba da taswira, ɗalibai talatin da sufeto suna biye.

Mun yi nisa sai Zuwaira, wata ɗaliba 'yar yankin, ta matso ta rage murya, ta kira ni yadda ɗalibanmu ke kiran malami. "Mushe, kamar mun bar hanya. Kukar can a damanmu ya kamata ta kasance."

"Zuwaira," na ce da ƙarfi don sufeto ya ji, "ilimi muke bi, ba kuka ba."

Can muka tarar da wani dattijo a gonarsa. Muka gaisa, na ce, "Baba, gaya wa yaran nan, saura nawa mu kai iyaka?"

"Wace iyaka, Malam?"

"Ta Najeriya mana."

Ya jingina da hauyarsa ya dube ni da tausayi. "Ai kun baro ta baya tun ɗazu. Sannunku da zuwa ƙasarmu."

Wallahi da ƙasar ta tsage da na shige (ko ta wace gwamnati ce). Sufeto ya yi tari, ya tambaya ko kowa na ɗauke da katin shaida. Babu mai shi, har ni.

Zuwaira ba ta yi dariya ba. Ta buɗe littafinta. Ashe tun saukarmu take zana komai: rijiya, burtali, kukar nan, da alamar arewa a kusurwa, daidai yadda na koya musu. Ita ta fitar da mu ta burtalin shanu har gindin motarmu.

Sufeto ya daɗe yana duban zanen. "Wa ya koya miki wannan?"

"Mushe ne," in ji ta.

Kunya na cina, amma kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Da ta ci bak, ni na fi ubanta yawo da labarin.

Yanzu in ɗan gari ya ce na ɓata, ba na musu. In mun fita kuma, can baya nake tsayawa, in ce musu sabon salon koyarwa ne.