Ranar da Surukina Ya Same Ni a Buhu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da surukina ya same ni ina reto a cikin buhun gyaɗa ba, ko da zan manta da sunana. Lokacin ina malamin sikeli a wata rumfar sayen gyaɗa a Gwarzo, zamanin da ake tara buhuna a Kano har su zama dala. Allah ya ba ni jiki, ni kuma ban raina kyauta ba. Mutane in sun ga tumbina sai su ce wane ya ji daɗi, amma ni na san abin da ke damuna: in na yi sujada ba na iya tashi sai na dafa kafaɗar na kusa da ni. Ina ɗan shekara arba'in, masu furfura suna miƙewa tsaf, ni ina nishi a sahu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Malamin asibitin garinmu ya lallatsa gwiwoyina ya ce babu allura babu ƙwaya, kaya ne suka yi yawa. Ko in rage jiki, ko nan gaba in koma salla a zaune. Na dawo gida na kafa doka: tuwo malmala ɗaya, fura rabin ƙwarya, man shanu ko ƙamshinsa. Na jingine keke na koma tafiyar ƙasa. Matata Hadiza ta ɗauka fushi nake da girkinta, ta kwana uku tana cika tana batsewa. (Har yau ba ta yarda akwai mai hankalin da zai nemi rama da kansa ba.)

Duk ranar Juma'a, kafin manoma su iso, sai in kama ƙugiyar sikelin da hannu biyu in ɗage ƙafafu, Baba Tanko maigadi ya duba allurar. Shi bai san lamba ba, don haka da gawayi yake ɗiga alama inda ta tsaya. Sati biyu, wata guda, wata biyu, ɗigon gawayi yana kan ɗigon gawayi. Sau ɗaya ma har ya ɗan wuce gaba. Kaina ya ɗaure tam. Yunwa ina ji, ƙafa tana ciwo, to ina wahalar take tafiya? Na zargi sikeli, na zargi idon Baba Tanko, na zargi Hadiza da zuba mai a ɓoye. Saura ƙiris in watsar in ci tuwona, sai wata dabara ta faɗo mini. Ai hannuna rawa yake, shi ya sa allura ba ta natsuwa. Gyaɗa a buhu ake auna ta, ni ma a buhu zan shiga.

Baba Tanko ya kalle ni ya ce to. Muka jera buhu biyu a ƙarƙashin sikelin, na hau, na shiga buhu na uku na tsuguna, ya maƙala bakinsa a ƙugiya, ya janye na ƙasa da ƙyar. Kaina kaɗai ke waje. Yana laluben gawayinsa ke nan sai muka ji sallama da kukan jakuna. Dattijon nan, saboda ladabi, ya bar ni ya tafi taryar baƙi.

Malam Isiyaku ne, mahaifin Hadiza, ya taso daga Gammo da gyaɗarsa da maƙwabtansa huɗu. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda nake cire takalmi tun daga nesa in durƙusa in gaishe shi. To yau ga ni a sama, shi a ƙasa, buhu kuma yana juyawa a hankali. Na rasa abin yi, sai bakina ya kama gaisuwa da kansa. Na ce ina kwana ina kallon gabas, ya amsa ina kallon yamma. Na tambayi mutanen gida, na tambayi gajiya, na tambayi amfanin gona, duk ya amsa bai rage ko ɗaya ba, fuskarsa ko gezau. Da buhu ya sake dawo da ni gabansa sai ya ce, "Sannu da aiki."

Aka taru aka sauko da ni. Na yi bayani ina in'ina. Maƙwabtan suka kasa ganewa. Ɗaya ya matso ya raɗa mini cewa in an yi mini wani abu ne kada in ɓoye, Malam yana da rubutu mai kyau. Shi Malam ya sami inuwa ya zauna da carbinsa.

Na kama aiki don in ɓoye kunya. Aikinmu kuwa, kafin a ɗora buhu a sikeli, sai ka zura hannu ka ɗebo, ka watsa a baki, ka tauna ka ji ko ta bushe. Na yi buhun farko, na biyu, har na tara. Sai na ji muryar Malam a bayana.

"Ka ce ka rage ci?"

"Na rage, Malam."

"Wannan fa da kake yi?"

"Ai wannan aiki ne, ba ci ba."

Sai ya tambayi buhu nawa nake aunawa a rana. Na buɗe baki zan faɗa, baki cike da gyaɗa, sai lissafin ya faɗo mini gaba ɗaya. Wata biyu ina hana kaina tuwo, ina wuni ina zuba wa cikina abin da ake matse mai daga jikinsa. Malam ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya murza ta da yatsa, ɓawon ya fita, ya ɓalla ta ƙas. Ya ce in ta yi wannan ƙara ta bushe, kuma kunne ba ya ƙiba.

Ban sake hawa sikeli ba. Jikin bai tafi da sauri ba, sai da damina ta zagayo. Wata la'asar na ɗago daga sujada, na ji ni a tsaye, hannuna bai taɓa kafaɗar kowa ba. Daɗin da na ji har ya sa na manta raka'a ta nawa muke.

Abin da na koya shi ne, in abu ya ƙi motsi, kafin ka shiga buhu ka fara duba abin da ke bakinka. Amma dai har yau in na je Gammo gaisuwa, sai wani ya tambaye ni ko na bushe.