Yadda Ake Zama Tsohon Abokin Sabon Bishop

Idan an naɗa muku sabon bishop, kai kuma ka gaji da zama a benci na tara inda iskar fanka ba ta kaiwa, to takardar nan taka ce. Ka bi matakan da ke ciki ba ƙari ba ragi, ina tabbatar maka kafin mako shida duk cocinku zai san kai ne tsohon abokin Bishop. Hanyar nan ba ta taɓa ƙin ci ba. Sau ɗaya dai aka taɓa gwada ta, a cocinmu, kuma Mai Kemis ne ya gwada. Dattijo ne mai shagon magani a bakin titi, mutumin kirki daidai gwargwado, wanda ya shekara ashirin yana zuwa Misa ba a taɓa ba shi ko kwandon baiko, wanda ake tara sadaka a ciki, ya riƙe ba. Abin yana cin sa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Ka karanta allon sanarwa a gaban mutane

Kada ka karanta kai kaɗai, asarar karatu ce. Ka jira a tashi daga Misa, a taru.

Ran da aka manna tarihin sabon Bishop, Mai Kemis ya sa tabarau ya bi shi layi-layi. Shekara goma sha ɗaya yana zaga ƙauyuka a kan babur. Shekara bakwai yana aikin fada, wato limamin coci, a gidan yari. Shekara shida a asibiti, wajen marasa lafiya. Can ƙasa sai ya ga sunan makarantar firamaren da Bishop ya yi. Makarantarsu ce. Ya lissafa shekaru, ya ga aji biyu ne tsakaninsu. Ya ƙura wa hoton ido, ya matsa ƙwaƙwalwarsa, ko kunnen mutumin bai tuna ba. Duk da haka ya ce, a hankali, yadda na kusa za su ji:

“Ashe shi ne.”

Shugabar mawaƙa ta juyo. “Ka san shi ne?”

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Makarantarmu ɗaya.”

Ka lura, har yanzu bai yi ƙarya ba. Gwani ba ya fara gini da ƙarya, da guntuwar gaskiya yake sa harsashi.

Mataki na 2: Ka bar wasu su yi maka ƙaryar

Ka yi shiru. Coci na da ma'aikata isassu.

Zuwa Laraba, ajinsu ɗaya. Zuwa Juma'a, bencinsu ɗaya. Lahadin da ta biyo an ce shi ya koya wa Bishop lissafi, wata ma ta ce shi ya tsamo shi daga rafi suna yara. Duk wanda ya zo da sabon labari, Mai Kemis sai ya girgiza kai ya yi murmushi ya ce, “A bar tuna baya.”

Gargaɗi ɗaya: kada ka gwada wannan murmushi a gida. Matarsa tana guga ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

“Baban yara, shekara talatin muna tare, ban taɓa jin ka ambaci mutumin nan ba.”

“Ba ki taɓa tambaya ba.”

Ta juya rigar, ta bi wuyan da dutsen guga. “To. Allah ya sa shi ma ya tuna.”

Mataki na 3: Ka ƙi muƙami sau biyu, ka karɓa a na uku

Za a kafa kwamitin tarba. A cocinmu wannan aikin Katikis ne, malamin da ke koyar da addini, tun fil azal. Tsoho ne da ya tarbi bishop biyu, ya san inda kowace kujera da kowane makulli suke. Amma a taron sai wani ya miƙe ya ce wa ya fi cancanta ya tarbi mutum in ba abokinsa ba?

Mai Kemis ya ce a'a, shi bai isa ba. Aka matsa. Ya ce a'a, ga manya. Aka sake matsawa, ya sunkuyar da kai ya ce tunda jama'a sun nace.

Katikis ya tashi, ya kawo masa tsohon fayil da hannu biyu. “Ga shi, ɗan'uwa. In ka rasa wani abu ka tambaye ni, ina nan.”

Mai Kemis ya ba shi aikin nuna wa motoci wurin tsayawa. A hanyar gida ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, ya tsaya a shago ya sha maganin ƙwarnafi. Kai ma za ka ji haka. Ba lamiri ba ne, iska ce.

Mataki na 4: Ka gyara tarihin mutumin

Kai za ka karanta jawabin maraba, kuma tarihin babban mutum bai kamata a bar shi yadda ya faru ba.

Mai Kemis ya zauna da jan biro. Ya soke babur, don ba girma a ciki. Ya soke gidan yari, kada tsofaffin da ba sa ji sosai su zaci ɗaure shi aka yi. Ya bar asibiti amma ya rage shi zuwa rabin layi. A gurbinsu ya rubuta cewa Mai Girma ya zaga ƙasashen duniya yana neman ilimi.

Fadan cocinmu ya karanta, ya sosa ƙeya. “Baba, sau ɗaya fa ya taɓa fita waje. Kwas ne na mako uku.”

“To ai ya fita, Fada.”

Da wannan hikima aka yi wa bangon gaba fenti aka bar na baya, aka kuma jera tukwanen fure a kan tsagewar da ke dandamali.

Mataki na 5: Ka ce wa kowa “an gama”

Yanzu shagonka zai cika da mutanen da ba su zo sayen magani ba. Mawaƙa na son sabon molo mai lantarki. Wani malami na son a mayar da shi makarantar cikin gari. Kada ka ce za ka gwada, wannan maganar marasa hanya ce. Ka ce an gama.

Wata Talata da rana, Iya Mai Shara ta shigo. Ita ke share cocin tun kafin a sa masa siminti. Mijinta kafinta ne, shi ya ƙera yawancin bencunan da ake zama a kai. Shekara huɗu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a ɗaki ɗaya bayan katangar coci. Ta tsaya har masu saye suka watse.

“Ɗana, ni ba abin hannu nake nema ba. Baban naka ne. Yana jin ƙararrawa daga inda yake kwance, sai ya juya fuska bango. Na ce tunda Bishop abokinka ne, ko zai leƙo ya ɗora masa hannu. Ko minti biyu ne.”

Mai Kemis ya riga ya buga jadawalin ranar, babu gurbin minti biyu a ciki. Bakinsa dai ya saba.

“An gama, Iya.”

Ta durƙusa ta yi godiya. Ya ji daga baya cewa ta wanke labule, ta kira wanzami ya yi wa tsohon aski, ta aro kujera mai hannu daga maƙwabta. A ranar ya sha maganin ƙwarnafi sau biyu.

Mataki na 6: Ka tsaya inda mai hoto yake

Ranar ta zo. Mai Kemis ya sa sabuwar kwat, ya tsaya na farko a layi. Bishop ya sauko daga wata tsohuwar mota, ɗan gajeren mutum mai furfura, takalminsa ya sha tafiya. Ya bi layi yana gaisawa. Ya kama hannun Mai Kemis, ya ce, “Sannu da aiki,” ya wuce, daidai yadda ya ce wa na bayansa.

Shugabar mawaƙa tana kallo. Mai Kemis ya raɗa mata, “Haka yake tun muna yara. Ba ya son nuna bambanci a gaban jama'a.”

Ka haddace wannan jimla, za ta yi maka amfani.

Bayan Misa ya karanta jawabi, murya na tashi tana sauka, aka tafa. Bishop ya karɓi makirufo ya ce ya gode, yau an kai shi ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Sai dai ya ga an fito da shi daga gidan yari ba da izininsa ba, alhali nan ne ya koyi yawancin abin da ya sani. Coci ya ɗauki dariya. Mai Kemis ma ya yi, har ya fi kowa, gumi na bin bayansa.

Mataki na 7: Kada ka yarda a bar ku ku biyu a ɗaki

Wannan shi ne mafi muhimmanci, kuma a nan Mai Kemis ya yi sakaci.

Ana shirin wucewa zauren cin abinci, Bishop ya shiga ɗakin da ke bayan bagadi don ya tuɓe kayan Misa. Iya Mai Shara na tsaye a bakin ƙofa cikin zaninta na fita. Ba wanda ya tuna ya janye ta, don ba wanda ya saba ganin ta. Ta durƙusa.

“Ranka ya daɗe, abokinka ya ce za ka zo ka ga maigidana. Mun shirya.”

Bishop ya tambaye ta wane aboki, ta nuna. Ya yafito Mai Kemis, ya ce wa Fada ya ba su minti ɗaya, ya tura ƙofa.

“An ce mun yi makaranta tare,” in ji Bishop, yana ninke abin wuyansa. “Ka yafe mini, tsufa ya fara. Wane aji?”

Mai Kemis ya tanadi amsoshi uku tun makonni. Ya nemi ko ɗaya ya rasa. Ɗakin ƙarami ne, yana ƙamshin kyandir, kuma mutumin da ke gabansa ya shekara bakwai yana sauraron masu cewa ba su suka yi ba.

“Aji biyu ne tsakaninmu, ranka ya daɗe. Ba mu taɓa magana ba. Ko fuskarka ban tuna ba.”

“Alhamdu lillahi. Na zaci ni ne na manta da wanda ya tsamo ni daga rafi.” Ya rataye rigar. “Tsohuwar nan fa, me ka ce mata?”

“Na ce an gama.”

“An gama ɗin?”

“A'a.”

Bishop ya ɗauki wata ƙaramar jaka baƙa ya miƙa masa. “An ce kai mai magani ne. Riƙe wannan. Mu je mu gama.”

Mataki na 8: Babu mataki na takwas

Daga nan abin ya fita hannunka, sai dai in gaya maka yadda ta kasance.

Suka fita ta ƙofar baya, ta gefen bangon da ba a yi wa fenti ba. Manyan baƙi na zaune a zaure, mai hoto na neman su. Ɗakin kafinta da ƙyar yake ɗaukar mutum huɗu. Bishop bai zauna a kujerar aro ba, ya zauna a bakin gado, ya kama hannun da ke motsi, ya tambayi tsohon da wane katako ya yi bencunan. Tsohon ya buɗe baki da ƙyar, kalma ɗaya na fita bayan ɗaya, Bishop bai katse shi ba. Ya yi masa addu'a, ya shafa masa mai. Iya na tsaye jikin labule tana share ido da gefen zani.

Sai Bishop ya ce a juya tsohon, a duba bayansa. Mai Kemis ya cire kwat ya juya shi. Kwanciya ta ci fatar tsohon a wuri biyu, ɗaya har ya fara ruwa. Shagon Mai Kemis bai fi taku ɗari uku daga ɗakin ba, kuma duk abin da ake bukata yana kan kanta ta biyu. Ya je da kansa ya ɗauko, da sauri, mutane na kallon shugaban kwamiti yana haki a titi. Ya durƙusa ya wanke ciwon ya ɗaure. Hannunsa ya san aikin.

Sun yi minti arba'in. Da suka koma zaure, abinci ya huce. Bishop ya miƙe ya ba da haƙuri, ya ce shi da abokinsa ne suka je wani aiki. Ya ce abokin nasa ya ga yadda marasa lafiyar cocin nan suke, kuma daga wannan mako zai riƙa bin Katikis gida-gida yana duba su. Ya juyo. “Ko ba haka muka yi ba?”

Mai Kemis ya ce haka aka yi. Aka tafa masa fiye da na jawabi. Matarsa kaɗai ba ta tafa ba, ta dai zuba masa ruwa ta tura gabansa.

Ka ga ke nan hanyar ta ci. Bishop da bakinsa ya kira shi aboki a gaban mutum ɗari biyar, ba mai sake musu. Gidaje goma sha huɗu ne a jerin Katikis. Duk wata Bishop yakan bugo waya, ba ya tambayar lafiyar Mai Kemis sai ya gama tambayar bayan kafinta, wanda ya warke a wata na biyu.

Sanarwa

Mai wannan takarda ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da ita, ko zubewar girma, ko ɓacin sabuwar kwat, ko kallon da matarka za ta yi maka. Idan asirinka ya tonu, ba mu taɓa haɗuwa ba. Idan kuma bai tonu ba, aka tabbatar da kai abokin Bishop, to ka tanadi auduga da safar hannu da takalmi mai daɗin tafiya. Alhamis ƙarfe huɗu ake fita, kuma Katikis ba ya jiran kowa.